Hanyar da Ke Ƙarƙashin Lantana

Shekara goma sha biyu Glenys Pratten ta yi tana bin gidajen kwarin Wirrabin tana roƙon mutane su taya ta ceton walabin dutse, kuma shekara goma sha biyu ana ba ta shayi ana raka ta bakin mota. Sai a shekarar da ta cika sittin da bakwai aka amsa mata. Mutum ashirin da uku suka rubuta sunansu, yawancinsu 'yan Sydney da suka gaji da birni suka sayi filaye a kwarin, kowa da sabuwar malafa da sabuwar safar hannu. Ta yi murna har da ƙwalla. Ba ta san amsawar ce za ta zame mata ciwon kai ba.

Walabi goma sha ɗaya suka rage a dutsen da ke bayan gonarta. Wanda bai san su ba zai ce 'ya'yan kangaru ne da suka ƙi girma, masu jela buzu-buzu, suna hawan tsayayyen dutse kamar a tsakar gida. Lokacin da ta auri Col, mijinta da ya rasu, ba wanda ke ƙirga su, don sun fi ƙarfin ƙirga. Dila ce ta yi ta ɗauke su ɗaya-ɗaya. Yanzu kullum da hantsi Glenys kan zauna a baranda da kofin shayi da madubin hangen nesa na Col, ta jira su fito shan rana a kan duwatsu, ta ƙirga su da leɓe. In ta kai goma sha ɗaya sannan take kurɓar shayin.

A bana ɗaya ce kaɗai ke da ɗa a jakar cikinta, wata mai tsagaggen kunne da Glenys ta sa wa suna Dulcie, sunan gwaggon Col, saboda kullum fuskarta a murtuke take. Ɗan ya fara leƙo da kai yana kallon duniya. Idan ya rayu sun zama goma sha biyu, kuma rabon dutsen da ƙaruwa shekara huɗu ke nan.

Ruwa bai sauka yadda ya kamata ba tun bara. Ciyawar kan dutse ta bushe ƙarmas, ɗanyar da ta rage sai a bakin rafi, taku sittin daga gindin dutsen. Tsakanin gindin dutse da rafin kuwa wata baƙuwar ciyawa mai ƙaya da ake kira lantana ce ta cunkushe, ta fi mutum tsawo, ta sarƙe kamar gashin da bai ga mataji ba. Kuma wannan yankin ba na Glenys ba ne. Na Desmond Achterberg ne, wanda ake kira Des, likitan haƙori da ya yi ritaya, wanda ya sayi filin shekara biyu da suka wuce, wanda kuma sababbin zuwa suka zaɓa shugaban ƙungiyar da ita ta kafa.

Kada wani ya ce Glenys na son lantana. Karsana uku ta kashe mata a shekara guda, kuma shekara arba'in tana sara tana tonewa tana fesa mata magani, hannayenta duk zanen ƙayarta ne. Amma wata rana ɗan maraƙinta ya kutsa cikin ta gindin dutsen, ta bi shi da rarrafe tana zagi, sai ta tsinci kanta a cikin wata hanya. Ƙasa ta yi sumul saboda taku, ga kashin walabi sabo da tsoho, ga gashinsu maƙale a rassa. Hanyar ta miƙe tun daga dutse har rafi, da ƙananan ƙofofi a gefe da gefe. Gaggafa ba ta ganin su daga sama, dila kuma in ta biyo su ba ta san ta inda za su ɓulle ba. Ta fito da jini a goshi, ta zauna a ƙasa ta daɗe tana kallon muguwar ciyawar da ta tsana.

An yi taron ƙungiyar a rumfar 'yan kwana-kwana na sa kai, inda ake yin kowane taro a kwarin, a kan kujerun roba a gefen jar mota. Des ya kafa taswira a bango, ya zagaye gindin dutsen da jan alƙalami.

"Ranar Asabar za mu yi gayya," in ji shi. "Mu share lantanar nan kaf, mu dasa itatuwan ƙasar nan na asali a gurbinta. Na yi odar dashe ɗari huɗu. Abinci a wuyana."

Aka tafa. Glenys ta ɗaga hannu, abin da ba ta taɓa yi ba a rumfar da mijinta ya zuba wa kankare.

"Des, kada a taɓa ta. Ta cikinta suke bi zuwa rafi."

"Glenys, lantana fa muke magana." Ya yi mata irin murmushin da ya saba yi wa mai tsoron allura. "Ke da kanki kika ba ni takardar da ta ce muguwar ciyawa ce."

"Na ba ka. Muguwa ce. Amma ita ce rufinsu. A fara dasa naka, in ya girma a cire waccan kaɗan-kaɗan."

"Shekara nawa ke nan?"

"Biyar. Ko shida."

Wata mata mai jan gilashi ta ce ai ita ta karanta cewa lantana na kashe duk abin da ke ƙarƙashinta. Wani ya ce ya riga ya yi hayar injin sara. Merv Tuckwell, tsohon makiyayin da gonarsa ke maƙwabtaka da ta Glenys, wanda kek ɗin taro kawai ke kawo shi, ya haɗiye lomarsa ya ce, "Yau na ga abin mamaki. Glen ta zama lauyar lantana. Da Col na nan da ya kai ki asibiti."

Aka yi dariya, kuma dariyar ce ta tunzura ta. Da ta yi shiru ta bar su suka gama, wataƙila da ta shawo kan mutum biyar ko shida. Amma Glenys ba ta iya fushi a hankali ba.

"Ni na shiga ciki da gwiwoyina na gani," ta ce. "Kai kuwa Des, ka ƙare rayuwarka kana leƙen bakin mutane, shekara biyu da zuwanka za ka koya mini dutsen da nake kallo tun kafin ka san akwai shi a duniya?"

Kunnuwan Des suka yi ja. Ya ce cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, "To, Misis Pratten, sai mu ƙaɗa ƙuri'a." Hannu ashirin da ɗaya suka tashi. A ɓangarenta ita ce da Merv, shi ma sai da ta harare shi, kuma da kek a hannun da ya ɗaga.

A hanyar gida ta yi ta cizon yatsa. Ta san ta mayar da maganar walabi ta zama maganar girman kai, kuma namiji mai taswira ba ya sauka daga wannan cikin sauƙi.

Mutum ɗaya ce Des zai saurara, Bronwyn, jami'ar gandun dajin da ke kula da dutsen, mai digiri da mota mai tambari. Glenys ta hau tudun bayan rumbun ciyawa, inda kaɗai waya ke kamawa a gonar, ta kira ta sau bakwai a kwana uku. Duk kiran muryar nan ce da aka naɗa: Bronwyn na arewa wajen gobarar daji, za ta dawo ranar ashirin ga wata. Asabar kuwa sha ɗaya ga wata ce. A kira na bakwai Glenys ta bar saƙon da daga baya ta yi fatan a goge shi.

Ranar Juma'a ta haɗiye girman kanta, ta gasa kek na lemo, ta tuƙa a-kori-kurarta zuwa gidan Des.

"Na yi maka rashin kunya," ta ce tun daga bakin ƙofa. "Ga wannan. Zo ka ga abu ɗaya, minti goma."

Ya bi ta, don shi ba mugun mutum ba ne, kuma wannan ma na cikin abin da ke ba ta haushi game da shi. A gindin dutsen ta ɗaga wani reshe ta nuna masa bakin hanyar.

"Shiga."

"Gwiwata ta ƙarfe ce, Glenys."

"To durƙusa ka leƙa."

Ya durƙusa da ƙyar yana kare sabon wandonsa. Ya ce duhu kawai yake gani. Ta zura hannu ta damƙo kashin walabi ta buɗe masa tafinta a gaban hanci.

"Wannan na jiya ne. Murza ka ji."

Bai murza ba. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya ce ya yarda suna shiga, amma ga takarda daga ƙaramar hukuma cewa ya rage ciyawar, ga mutum ashirin sun soke harkokinsu, ga nama kilo shida a firij.

"To bar mini tsiri ɗaya," ta ce. "Faɗin taku huɗu, daga nan zuwa rafi. Sauran ku yi yadda kuka ga dama da shi. Taku huɗu nake roƙo, Des."

Ya dubi lantanar, ya tuna kek ɗin da ta kai masa. "Shi ke nan. Taku huɗu. Zan gaya musu."

Asabar tun da sassafe motoci suka cika bakin rafin. Gaskiya mutanen sun yi aiki, ba wanda zai ce ba su yi ba. Matar nan mai jan gilashi har tafinta ya yi bororo ba ta tsaya ba. Des ya tara su ya ce a bar tsirin tsakiya saboda Glenys, kamar wata alfarma ce ake yi wa tsohuwa mai rigima, wasu suka ji, wasu suna can suna tayar da inji. Glenys ba ta yarda da kowa ba. Ta kafa kujerarta a bakin tsirin ta zauna da sanda a cinya, duk wanda ya matso da almakashin reshe ta nuna masa wani wajen.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Merv ya iso a kan babur ɗinsa mai ƙafa huɗu.

"Glen, shanunki na kan titi. Wani cikin 'yan birnin nan ya bar ƙyauren ƙasa a buɗe."

"Kora mini su mana."

"Ni da wa? Sun kai talatin, kuma motar madara na tafe. Taso."

Ta duba ko'ina ba ta ga Des ba, yana can bayan motoci yana juya nama da albasa a kan farantin ƙarfe. Ta kama wani dogo mai inji a kafaɗa ta ce masa kada a taɓa nan, ya gyaɗa kai, alhali da abin toshe kunne a kunnuwansa. Ta hau bayan Merv suka tafi.

Awa ɗaya da kwata suka yi, don wata baƙar saniya ta ga dama ta nufi gari. Da Glenys ta dawo, kujerarta na nan inda ta bar ta, an ma gyara mata zama an ɗora mata burodi da nama a kai cikin takarda. Bayan kujerar babu komai. Tun daga gindin dutse har bakin rafi fili ne fetal, sai kututture da jar ƙasa, rana na dukan sumul ɗin hanyar da ta fito fili kowa na gani. An tara rassan tsibi guda a gefe, ya kai tsayin ɗaki.

"Mun gama namu da wuri," in ji dogon, yana share gumi yana murmushi. "Muka ga saura ɗan wannan, muka ce ai ba a bar aiki rabi ba."

Des ya taho da cokalin juya nama a hannu. Ya dubi filin, ya dube ta. "Na gaya musu, Glenys. Kin ji na gaya musu."

Ta buɗe baki, ta ga fuskoki ashirin jajaye da rana, duk suna jiran a ce musu sannu da aiki. Mutanen da ta yi shekara goma sha biyu tana roƙo su zo. Ta naɗe kujerarta, ta ajiye burodin a kan kututture, ta tafi gida.

Lahadi da safe ta ƙirga goma sha ɗaya. Da rana ta yi sanyi ta ga Dulcie ta sauko har dutsen ƙarshe, ta tsaya tana juya tsagaggen kunnenta, ta daɗe tana kallon filin, ta koma sama. Litinin ma haka. Glenys ta ɗauki bokitin ruwa da dankali ta hau iya inda ƙafafunta suka yarda, ta ajiye a wani tsagi, amma awakin daji suka riga kowa. Mai shayarwa ba ta iya zama a kan busasshen dutse kwana da kwanaki, Glenys ta san wannan sarai. Talata da yamma tana tsaye a baranda ta ga Dulcie ta diro ta yanki filin a guje, ita kaɗai a sarari kamar tufa ɗaya a kan igiyar shanya.

Laraba da hantsi ta zauna da madubin. Ɗaya, biyu, uku. Dulcie ce ta tara, a kan dutsenta na kullum. Ta sunkuyar da kai tana lasar jakar cikinta, ta buɗe ta da hannuwa biyu ta leƙa, ta sake lasa. Jakar ta saki, ta yi laɓaɓa. Glenys ta jira kan nan ya leƙo. Ta jira har shayin ya yi fata a sama.

Ta sa takalmi ta gangara. Ba ta sha wahalar nema ba, don a jar ƙasar da aka share komai a rubuce yake. Ga sawun Dulcie daga rafi, tsalle mai nisa-nisa. Ga sawun dila ya yanko daga gefe. In aka matsa wa uwa da gudu jakarta kan saki ɗan, haka aka halicce su. A taku na ashirin da wani abu daga dutsen sawun dilar ya daina bin uwar. A nan Glenys ta tsinci ɗan guntun jela, bai kai tsawon yatsanta ba, gashin bai gama fitowa ba.

Tana tsugune a wurin ta ji mota. Des ne, ya ja tirela cike da dashe a baƙaƙen robobi, kowanne bai wuce idon sawu ba.

"Na ce bari in fara tun da wuri," ya ce yana saukowa. "Mai gandun dashen ya ce suna da saurin girma. Shekara uku ma an ce sai su..."

Ta miƙa masa madubin. "Dutse na uku daga itacen ɓaure. Mai tsagaggen kunne."

Ya ɗauki lokaci kafin ya same ta. Da ya same ta kuma ya daɗe bai sauke madubin ba.

"Me take nema?" ya tambaya, a muryar wanda ya riga ya san amsa.

Glenys ta buɗe tafinta. Wannan karon ya duba da kyau. Ya cire malafarsa, ya rasa inda zai sa ta, ya mayar.

Tun Asabar take tanadin maganganun da za ta gaya masa, ta jera su ta wasa su tana wanke-wanke, tana ba shanu ciyawa. Yanzu ga shi a gabanta ya yi zuru-zuru, ta nemi ko ɗaya ta rasa. Baƙin ciki ne kawai, da gajiya.

"Me zan yi, Glenys?"

Ta dubi tsibin rassan. An hana kunna wuta a kwarin saboda fari, shi ya sa ba a ƙone shi ba tun ranar Asabar.

"Sauke robobin nan. Kawo tirelar wajen tsibin can."

"Mayar da ita za mu yi?"

"Busasshen rufi ya fi babu. Akwai sauran goma da ke jin yunwa, ita ma za ta sake saukowa. Ka dasa naka a gefe, su girma su tarar."

Suka fara ja. Rassan sun sarƙe, sai an fizga, kuma ƙayar lantana ba ta san wanda ya sare ta da wanda ya kare ta ba. Kafin awa guda hannayen Des sun yi jina-jina, sabon wandon ya yage a gwiwar ƙarfen. Glenys na gaba tana kafa turaku tana nuna masa inda sumul ɗin hanyar ya bi, shi yana jibga rassa a kai.

Merv ya tsaya da babur ɗinsa a bakin shinge ya daɗe yana kallonsu.

"Shekara arba'in ina ganin kina fitar da abin nan daga gona," ya ce. "Yau kuma shigo da shi ake yi. In tafi in gaya wa mutane, ko in rufa miki asiri?"

"Sauko ka kama, Merv."

Ya ga fuskarta, ya kashe babur ɗin ya sauko.

Da rana ta take sun rufe taku goma sha biyar cikin sittin, rufin da ana hango ƙasa ta cikinsa. Des ya dafa ƙugu yana haki ya ɗaga kai sama.

"Tana kallonmu," ya ce. "Kina ganin za ta bi ta ciki?"

Glenys ba ta ɗaga kai ba. Ta san inda Dulcie take, ta kuma san abin da take yi, don tun safe ba ta daina ba.

"Matsar da wancan hagu," ta ce. "Ka toshe musu ƙofa."